Man da likita ya rubuta mani yana kashe kirci cikin kwana huɗu, amma da na bari sai ya dawo

"Assalamu alaikum likita, Allah ya ƙara basira. Daga Daura nake, shekarata 31, ina shayar da ɗiya mai wata bakwai. Tun ina budurwa nake fama da kirci a bayan hannuwana da bayan gwiwa, da hunturu ya shigo sai ya tashi, susa har jini, da dare ba barci. Wata uku da suka wuce na je asibiti likita ya rubuta mani Dermovate, wallahi kwana huɗu ya kwanta kamar ba a taɓa yi ba. To amma da na bari sai ya dawo, yanzu tub na huɗu nake kai, da kwalin nake zuwa kemis in sayo. Na kuma fara ɗan shafawa a fuska saboda wani baƙin tabo, yanzu ga wasu ƙananan ƙuraje sun feso mani a gefen baki. Yayar maigidana ta ce man bilicin ne zai lalata mani fata, in jefar da shi. Sannan ɗiyar tawa ma ta yi ƙuraje a wuya da wurin famfas, zan iya shafa mata? Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam Hajiya, amin na gode, Allah ya raya ɗiya ya yi mata albarka. Bari in fara da abin da ba ya jiran dogon bayani, don ban sani ba ko hidimar goyo za ta bar ki ki karanta har ƙarshe yau: kar ki shafa ma yarinyar nan man nan ko ɗis, kuma ki tsaida sa shi a fuskarki. Sauran maganar sai mu bi ta a hankali.

In na fahimce ki, abin da ke cin ranki shi ne ko maganin nan na kirki ne ko mugu ne, tunda ga likita ya rubuta kuma kin ga aikinshi da idonki, ga kuma yaya ta ce guba ne. Gaskiyar magana likitan bai yi kuskure da ya rubuta ba, hannu mai kirci wanda ya yi kauri don susa yana buƙatar magani mai ƙarfi irin wannan, ita ma yayar ba ƙarya ta yi ba, don shi wannan sinadarin da ke ciki shi ne masu haɗa man bilicin ke zubawa a robobinsu. Inda aka samu matsala shi ne magani ne na sati biyu zuwa huɗu, ke kuma ya zame maki man shafawa na wata uku, kuma ya tashi daga hannu ya hau fuska. Ban ga laifinki sosai ba, kusan kullum sai na ga irin haka a ɗakin duba marasa lafiya a nan Katsina.

Mene ne a cikin tub ɗin

Ki juya kwalin za ki ga an rubuta clobetasol propionate 0.05%. Yana cikin dangin magungunan da muke kira sitiroid na shafawa. Jikin ɗan Adam da kanshi yana yin irinshi, sunanshi kotisol, daga wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, kuma cikin aikinshi akwai kwantar da kumburi in garkuwar jiki ta wuce gona da iri. A 1952 ne wasu likitocin fata biyu a Amurka, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa in an shafa hydrocortisone a fata yana kwantar da kirci, kafin nan kwalta da makamantanta ake fama da su. Daga nan aka yi ta ƙera waɗanda suka fi shi ƙarfi.

A tsarin Ingila, wanda da shi aka koyar da yawancinmu, hawa huɗu ne. Hydrocortisone 1% shi ne mai sauƙi, sai matsakaici irin clobetasone wanda ake sayarwa da sunan Eumovate, sai mai ƙarfi irin betamethasone na Betnovate da mometasone na Elocon, sai can ƙololuwa clobetasol, wato naki. Ana ƙiyasta ƙarfinshi zai kai ninki 600 na hydrocortisone. Ki lura da abu biyu a nan don suna ruɗa mutane ƙwarai. Lambar da ke jikin kwali ba ita ce ƙarfin magani ba, mutum sai ya ga 0.05% ya ce ai wannan ɗan kaɗan ne bai kai mai 1% ba, alhali shi ne babban. Sannan clobetasone da clobetasol haruffan ƙarshe kawai suka raba su, amma tazarar da ke tsakaninsu hawa biyu ce, na sha ganin an rubuta ma yaro na farkon an ba uwarshi na biyun a shago.

Haka kuma man nan masu haɗi uku da kowane gida ke da su a kan madubi, irin Funbact-A da Skineal, su ma akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, na farkon betamethasone, na biyun clobetasol, an haɗa da maganin fangas da neomycin mai kashe ƙwayoyin cuta. Magunguna ne masu rajista kuma suna da wurin da suke amfani, amma mutanenmu ba su ɗauke su magani ba sam, sun ɗauke su man jarirai da man gyaran fata. Na faɗi haka ne don kar ki ajiye Dermovate ki ɗauko ɗaya daga cikinsu ki ce kin sauya, an gudu ne ba a tsira ba.

Me ya sa yake dawowa

Nan ne zan ɗan daɗe don shi ne tushen matsalarki. Fatar mai kirci kamar katangar ƙasa ce da ta tsattsage ba a yi mata yaɓe ba. Danshin jiki yana fita ta tsagar, ƙura da sabulu da omo suna shiga, sai sojojin jiki su taso su yi ta faɗa a wurin, faɗan nan shi ne kumburin da ƙaiƙayin da kike ji. Ke kuma ki sosa, susar ta ƙara buɗe tsagar, a koma gidan jiya. Abin da Dermovate ke yi shi ne ya sallami sojojin, shi ya sa kwana huɗu kika ji shiru. Amma bai taɓa katangar ba, tsagar tana nan, ranar da kika daina ƙura ta sake shiga suka sake tasowa. Kirci irin wanda aka taso da shi tun ƙuruciya ba a warkar da shi da tub ɗaya a ce an gama, lallaɓa shi ake, sau da yawa ma a jini yake, za ki ga a dangi akwai mai asma ko mai yawan atishawa da mura in an yi shara.

To yaɓen katangar shi ne mai. Mai na gaske mai maiƙo wanda ba turare ba kala, farin basilin ko man kaɗanya mai kyau wanda ba a gauraya ba, sau uku sau huɗu a rana, kuma mafi muhimmanci da kin fito wanka jiki da sauran danshi kafin iska ta busar. Balle mu da hunturu ke zaunar mana daga Nuwamba har Fabrairu, iskar da ke fasa leɓe da dunduniyar mai lafiyar fata ma, ina ga mai kirci. Wanda abin ya kama mashi jiki da yawa yana iya shanye giram 250 zuwa 500 na mai a sati, mutane in na faɗa masu sai su yi dariya su ce likita ai sai in zama ƙosai, amma waɗanda suka daure suka yi su ne ke dawowa su ce mani tub ɗaya na maganin ya kai su ƙarshen sanyi. Abu ɗaya dai, basilin yana jiƙa zane da mayafi kuma kayan da suka sha shi suna saurin kama wuta, don haka a kula a gaban murhu ko gas, a riƙa wanke su akai-akai.

Hannunki kuma na tabbata ba ya hutawa, mai ɗiya 'yar wata bakwai wanki kawai ya ishe ta, ga wanke-wanke ga alwala ga girki. Omo da sabulun wanki suna wanke maiƙon fata tas. Ki samu safar hannu ta roba, in da hali ki sa ta auduga a ciki don zufa ma tana tada shi, bayan kowace alwala ki goge hannu ki shafa mai. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi ba mai ƙuna ba, a ajiye soso mai kaushi, a daina ɗiga Dettol a bokiti, na san ana yi ne don tsafta amma ga mai kirci ƙara ma Barno dawaki ne. Humra da turare a kan kaya za a sa ba a kan fata ba. Ki kuma lura ko yana tashi bayan kin yi baƙin lalle na zamani, akwai sinadarin rinin gashi a cikin da yawansu wanda ke ƙona fatar wasu, jan lalle na gargajiya bai cika yin haka ba. Hakanan awarwaro da agogo na ƙarfen da ba zinari ba.

Akwai dalili na biyu na dawowar, shi ne tsayawa da wuri. Mutum ya shafa kwana uku ƙaiƙayi ya lafa sai ya bari don tsoro, alhali in ka shafa yatsa a wurin za ka ji har yanzu da kauri da kaushi, wutar ba ta mutu ba toka ce ta rufe ta. Bayan kwana biyar ya sake tashi, a sake kwana uku, haka har wata uku, a ƙarshe sai ka ga ya sha maganin da ya ninka wanda zai sha da ya yi sati biyu cur sau ɗaya. Akwai wata uwa da ta kawo mani yaronta ɗan shekara shida, wata da watanni tana ɗan taɓa mashi magani mai sauƙi da kan tsinke saboda an tsoratar da ita, yaro ba ya barci ba ya karatu, bayan gwiwarshi duk ya tsage. Ban sauya magani ba, yadda za ta shafa kawai na nuna mata, sati biyu ta dawo tana ta godiya. Don haka ba na son abin da zan faɗa a ƙasa ya sa ki koma wancan ɓangaren na masu tsoro.

Yadda ake shafa shi

Ma'aunin da muke amfani da shi gaɓar yatsa ce, wasu likitoci biyu a Birtaniya, Long da Finlay, suka fito da shi a 1991. Ki matso maganin a miƙe daga kan ɗan yatsanki manuni zuwa layin gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa ya rufe wuri mai faɗin tafin hannu biyu har da yatsu. Ke nan bayan hannuwanki biyu gaɓa ɗaya, bayan gwiwoyi biyu wata gaɓar, kusan giram ɗaya a rana. Sau ɗaya a rana ya wadatar ga magani mai wannan ƙarfin, da dare ya fi don ba za ki wanke shi ba, a kan inda ciwon yake kawai, a shafa a hankali har ya ɓace ba a murza da ƙarfi ba. Ki bar kamar minti talatin tsakaninshi da man shafawa, kar ki cakuɗa su a roba ɗaya. Ki yi lissafi da kanki, sati biyu giram 14 ne, tub mai giram 25 ko 30 ya kamata ya yi maki kusan zagaye biyu, ke kuma kina kan na huɗu cikin wata uku.

Ana ci gaba har wurin ya kwanta ya yi santsi in an shafa, ba har launi ya dawo ba. Wannan yana da muhimmanci gare mu masu baƙar fata. Littattafan Turawa suna cewa a shafa inda ya yi ja, mu namu ba ya yin ja, duhu yake ko toka-toka, kuma bayan ya warke yana barin tabo baƙi ko fari wanda ke ɗaukar watanni kafin ya saje da kanshi. Mutane sai su yi ta shafa magani a kan tabon suna jiran ya goge, alhali ciwon ya tafi tuni. Clobetasol bai kamata ya wuce sati huɗu a jere ba tare da likita ya sake gani ba, kuma ko mai ciwon duk jiki ba a so ya haura giram 50 a sati.

In ya kwanta, abin da nakan yi ma marasa lafiyata shi ne in sauko da su hawa ɗaya ko biyu, sannan wanda nashi ke yawan dawowa wuri ɗaya sai in sa shi ya riƙa shafawa kwana biyu kawai a sati a wurin ko da ba ƙaiƙayi, misali Asabar da Lahadi, sauran kwana biyar mai kawai, har sanyi ya wuce. Wannan tsari yana rage tashin sosai. Amma likitan da ya ga fatar ne zai zaɓa maki wanne da tsawon lokacin. In wurin ya bushe ya yi kauri wanda aka rubuta ointment a kwalinshi, mai maiƙo kamar basilin, ya fi kirim shiga.

Fuska

Fata ba ɗaya ba ce a jiki. Ƙiyasin da ake koya mana shi ne tafin hannu ba ya shan ko kashi 1 cikin 100 na abin da aka shafa, fuska kusan kashi 7, fatar ido da al'aura kusan kashi 30. Shi ya sa abin da ya dace da hannu ya yi ma fuska da hammata da matsematsi yawa. Ƙurajen da kika ce sun feso a gefen baki, in ƙanana ne a tare suna ɗan zafi-zafi kuma sun bar wani siririn layi a bakin leɓe ba su taɓa ba, to sun yi kama da waɗanda sitiroid ke haifarwa. Muguntarsu ita ce in kin ƙara shafawa sai su kwanta kwana biyu, ki ce ai magani ne, su dawo sun ninka. Da kin tsaya za su ƙara tashi na 'yan kwanaki ko sati biyu, fuskar ta yi zafi ta yi saɓa, a nan ne mafi yawa ke karaya su koma. Ki daure, ki wanke da ruwa kawai, ki ajiye hoda da kayan kwalliya, akwai maganin sha da muke badawa amma tunda kina shayarwa dole a zaɓa da kula, kar ki saya da kanki. In kuma kin haura wata kina sa shi a fuskar kullum to ki gaggauta zuwa asibiti a tsara maki yadda za a janye.

Hasken da yake sa wa ba gyara ba ne. Yana matse ƙananan jijiyoyin jini ne yana kuma danne ƙwayoyin da ke ba fata launi, a lokaci guda yana cinye kaurinta. Bayan watanni sai fata ta yi sirara kamar ledar biredi, jijiyoyi su fito kore-kore, gashi ya tsiro a gefen fuska, ɗan buguwa kaɗan jini ya kwanta, ciwo ya ƙi warkewa. Siraran fata takan farfaɗo in an tsaya da wuri, amma nankarwa in ta tsaga ba ta komawa. Ba na manta wata yarinya da aka kawo mani wata biyar bayan bikinta, mai gyaran jiki ta haɗa mata mai a roba ba suna ba komai, ta ci gaba da shi bayan biki, hammata da cinyoyinta duk jajayen nankarwa masu faɗin yatsa, tana kuka tana tambayata wane magani zai goge, wallahi ranar na rasa abin da zan ce mata. A kusa da ido kuma yana iya kawo hawan jinin ido da yana, garin neman gira a rasa ido. Ba banza NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

In har da gaske akwai kirci a fuska, hydrocortisone 1% na 'yan kwanaki muke bayarwa, ko tacrolimus wanda ba sitiroid ba ne kuma ba ya sirantar da fata, sai dai yana da tsada, ba kowane famasi ake samu ba, kuma yana ɗan yaji a kwanakin farko.

Ɗiyarki

Jaririn da bai kai shekara ba ba a sa mashi clobetasol, takardar da ke cikin kwalin ma ta faɗa. Fatarshi sirara ce, kuma in an gwada da nauyinshi fatar tana da yawa, don haka abin da ya shiga jini ya fi na babba nesa. Famfas kuma rufi ne, yana riƙe zafi da danshi ya tura maganin ciki. In ya shiga jini da yawa sai halittun nan na saman ƙoda su ga an wadata su daina aiki, yaro ya yi kumatu ya yi ƙiba a fuska ana murna ana cewa nono ya karɓe shi, alhali tsawonshi ya tsaya, garkuwarshi ta yi rauni, ranar da aka daina kwatsam ko zazzaɓi ya kama shi sai ya yanke jiki. Na ga wannan a jaririn da ake zuba ma man haɗi uku a cikin man shafawarshi tun ranar suna don ya yi haske, Allah ya sa an kawo shi da wuri.

Ƙurajen wuya da wurin famfas a wata bakwai yawanci zufa ce da dalala da daɗewa cikin fitsari, wani lokaci da fangas a kai, wanda sitiroid ke ƙara ma ƙarfi. A riƙa sauya famfas da wuri, a wanke da ruwa a bar wurin ya sha iska, a shafa basilin ko man zinc, a bar hoda. In kwana uku ba sauƙi, ko ya yi ja sosai da 'yan ɗige-ɗige a gefe, ko tana zazzaɓi, a kai ta a gani. Shayarwa kuma ki ci gaba, shafa ɗan wannan a hannu da gwiwa ba ya hana, ki dai kula kar ya taɓa nono, kuma da dare bayan ta yi barci za ki sa don kar ki ɗauke ta da shi a hannu.

Abin da ba zan iya ba daga nan

Gani ya kori ji Hajiya. Duk maganar nan na gina ta ne a kan cewa kirci ne, kuma yadda kika kwatanta ya yi kama, amma ban gani ba, hoton waya ma yakan ruɗe ni balle rubutu. A nan ƙasar kusan kowane ciwon fata egzima ake ce mashi, har ƙyasbi, alhali ƙyasbi da makero fangas ne, ƙazuwa kuma wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke shiga fata. Duk ukun in an shafa masu sitiroid ƙaiƙayi zai lafa, don an sallami sojoji, amma wannan karon akwai abokin gaba na gaske a cikin gida, sai ya bazu ya sauya kama har likita ya kasa gane shi. Don haka in wurin zagaye ne mai baki-baki yana faɗaɗa, ko hannu ɗaya ne kawai, ko akwai wani a gidan da ke susa da dare tsakanin yatsu, to a sake lale. Ƙurajen ɗiyarki ma sun sa na yi wannan tunanin, uwa na susa ɗiya na ƙuraje dole a duba ƙazuwa, ita kuwa duk gidan ake ma magani rana ɗaya. Soriyasis ma, wani ciwon fata mai kauri da saɓa, yana kama da kirci kuma shi in an janye sitiroid mai ƙarfi kwatsam yana iya tashi da muni. In kika ga ruwa mai ɓawon rawaya ko mugunya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suna yaɗuwa da sauri tare da zazzaɓi, wannan ranar za ki tafi asibiti ba gobe ba.

Ni ma a farkon aikina na rubuta ma wata dattijuwa irin maganin nan, layi ya yi tsawo ban tsaya na ce mata sati biyu kawai ba, sai bayan wata takwas ta dawo da kwalin da ya tsufa a cikin jaka, da shi take ta saye, bayan hannunta ya yi sirara yana tsagewa. Tun daga ranar a jikin kwalin nake rubuta ranar da za a tsaya da inda za a shafa. Ki roƙi likitanki ya yi maki haka.

Abin da nake so ki yi a satin nan, ki fara man nan sau huɗu a rana daga yau, ki koma wurin wanda ya rubuta maki ko babban asibitin Daura, in an ga da buƙatar likitan fata a tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kafin ki samu zuwa kar ki yanke na hannu da gwiwa lokaci ɗaya bayan wata uku, ki mayar da shi yau a shafa gobe a huta, kar ki sayi tub na biyar. Ki zuba duk abin da kike shafawa a leda ki tafi da shi, har sabulu da man ɗiyar da wanda wata ta ba ki a roba, ki faɗi gaskiyar tub nawa kika shanye ba wanda zai yi maki faɗa, kuma ki goya yarinyar a duba ku tare. Allah ya ba ku lafiya, ki gaida yaya.